Ajiya, Rance da Jingina: Banki da Talakan Ƙauye a Ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Sanannen abu ne cewa yawancin mutanen ƙasar Hausa manoma ne mazauna ƙauyuka, kuma ba su cika hulɗa da banki ba. Akwai wata cibiya a Nijeriya mai suna EFInA, wadda ta kan bi ƙasa lokaci lokaci tana ƙidaya masu mu'amala da ma'aikatun kuɗi. Ƙidayarta ta 2020 ta nuna cewa cikin kowane mutum ɗari na baligan Arewa maso Yamma, 68 ba su da hulɗa da banki ko da wata ƙungiyar ajiya da rance. A ƙidayar 2023 adadin ya sauko zuwa 47, amma duk da haka wannan yanki shi ne kan gaba wajen rashin, gama a Nijeriya baki ɗaya 26 ne cikin ɗari.

In aka tambayi dalili, amsar da a kan fi ji ita ce wai mutanen ƙauye ba su waye ba, ko kuwa ba su da abin ajiyewa. Wannan amsa ba ta gamsar da wanda ya san ƙauye. Manomi yana ajiya, yana cin bashi, yana ba da rance, yana jingina, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana da sunansa da ƙa'idarsa a bakin Bahaushe tun ba a san banki ba. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wannan tsari na gargajiya, a nuna inda ya gaza, sa'an nan a duba abin da ya hana banki cike giɓin. Za a fara da kalmomi, domin a cikinsu ne al'umma ta ke adana abin da ta sani game da dukiya.

2. Abin da kalmomi su ke nunawa

Kalmar kuɗi ita kanta jam'i ce, tilonta wuri. Wannan ya isa shaida cewa Hausawa sun daɗe suna ciniki da wuri kafin zuwan Turawa, har sunansa ya zama sunan duk abin da a ke saye da shi. Da kuɗin Turawa suka shigo, sai harshe ya karɓe su ya ba su kama irin tasa: fam, da sule, da sisi, da kwabo, duk daga Turanci aka aro su. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma aka daɗe ana lissafi da fam a kasuwannin ƙauye, naira biyu fam ɗaya, kuma har yau akwai masu cewa jaka in suna nufin naira ɗari biyu. A Nijar kuwa da dala a ke ƙirga, dala ɗaya tana daidai da tamma biyar na kuɗin sefa. Watau tun daga ƙirga, lissafin kasuwa daban, na takardar banki daban.

Wajen karɓar abin wani, Hausa ta rarrabe abu uku. Aro shi ne a karɓi abu a yi amfani da shi a mayar da shi kansa, kamar fartanya ko jaki ko tsani. Rance shi ne a karɓi abin da za a kashe ko a cinye, kamar kuɗi ko gero, a mayar da kwatankwacinsa. Bashi kuwa shi ne nauyin da ke kan mutum, ko ta hanyar rance ya hau shi, ko ta sayen kaya ba a biya nan take ba. Rance a asalinsa taimako ne, mudu ɗaya a mayar da mudu ɗaya. In an ɗora wani abu bisa uwar kuɗi, sai a ce bashi da ruwa, abin da aka ɗora kuma a kira shi kuɗin ruwa. Cin bashi ba abin kunya ba ne wurin Bahaushe, shi ya sa ya ke cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunya shi ne ƙin biya.

Akwai kuma waɗansu kalmomi huɗu da ke tafiya tare. Ajiya daga aikatau ajiye ta fito. Amana daga Larabci ta ke, kuma ita ce sharaɗin ajiya, gama ba a ba mutum ajiya sai an san shi, an san gidansu. Lamuni ma daga Larabci ne, daga kalmar da ke nufin tsaya wa wani. Harafin lodi ne na Larabci ya koma "l" a bakin Hausawa, kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da lalura. Mai lamuni shi ne wanda ya ɗauki nauyin biya in mai bashi ya kasa. A 'yan shekarun nan gidajen rediyo da jaridu sun faɗaɗa kalmar, har su kan ce lamuni suna nufin bashin banki kansa. Ta huɗu ita ce jingina, daga jingina abu a jikin wani abu: mutum ya dogara gonarsa ko rigarsa ga mai kuɗi, har ran da zai fansa.

Mafi muhimmanci duka ita ce riba. Kalmomi biyu ne daban, daga tushe biyu na Larabci. Ta farko, mai dogon wasali a gaɓar farko, ita ce ribar ciniki, halattacciya. Ta biyu, mai gajeren wasali, ita ce ƙarin da a ke ɗora wa bashi, wadda Alƙur'ani ya haramta a Suratul Baƙara. Kunnen Bahaushe yana rarrabe su, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka a takarda kamarsu ɗaya. Takardar da ta ce ajiya za ta jawo riba tana iya zama albishir ga wani mai karatu, ta zama gargaɗi ga wani.

Asusu kuwa a ƙauye ɗan tulu ne na yumɓu mai tsaga, wanda ba a ɗiban abin da ke cikinsa sai an fasa shi. Masana da yawa suna ganin daga Yarabanci aka aro kalmar, inda ta ke nufin abin da Hausawa ke kira adashi. Ita ce aka ɗauka aka ce asusun banki.

3. Shekarar manomi

Ba a gane bukatar talakan ƙauye sai an dubi yadda shekararsa ta ke. Sau ɗaya ya ke samun amfani, da kaka, amma ci kullum ne. Da kaka hatsi ya fi araha, kuma a lokacin ne bukatu su ke taso masa gaba ɗaya: biyan bashin bara, da aure, da tufafin iyali, da gyaran ɗaki. Sai ya sayar da araha. In bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, ga bukatar iri da taki da kuɗin ƙwadago. Tsakiyar damina kuwa, kafin sabon gero ya nuna, ita ce lokacin da hatsi ya fi tsada, a lokacin ne kuma ya ke komawa kasuwa ya sayi abin da ya sayar.

Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma buga littafinta kan zaman ƙauyen Hausa a 1972. Cikin abin da ta nuna akwai cewa manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya su ke ba: mai hali ya kan riƙe hatsinsa har ya yi tsada, matalauci kuwa rumbunsa ya kan ƙare da wuri, ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya sami abin cefane, sa'an nan amfaninsa na baɗi ya ƙara raguwa. Talauci ke nan yana haifar talauci.

A nan ne bashi mai tsanani ya ke shiga. Akwai wanda a waɗansu wurare a ke kira falle, watau a ci hatsi ko kuɗi da damina a biya da dami da kaka. Alal misali, in mutum ya ci dami ɗaya ya biya biyu bayan wata huɗu, to, ya biya ninkin abin da ya ci cikin sulusin shekara. Babu bankin kasuwanci da ke karɓar ruwa haka. Ashe wanda ba shi da banki shi ne ya fi kowa biyan bashi da tsada. Babbar bukatarsa ita ce abin da zai ƙetare da shi daga kaka zuwa kaka ba tare da ya karyar da amfaninsa ba.

4. Dabarun gargajiya da iyakarsu

Mutanen ƙauye ba su zauna hannu rabbana ba. Rumbu ajiya ne. Akuya da tunkiya da kaza ajiya ce mai haihuwa, wadda a kan kai kasuwa ran da ciwo ko suna ya taso. Kwanukan da mata su ke jerawa a ɗaki ado ne, dukiya ce kuma da a kan sayar ko a yi wa 'ya gara da ita. Gudummawar biki ita ma wani irin zubi ne, gama wadda aka kai wa ta san za ta mayar, sau da yawa da abin da ya fi.

Adashi shi ne ya fi kama da banki. Mutane su kan haɗu su riƙa zubi kullum, ko ran kasuwa, ko wata wata, kowane zagaye mutum ɗaya ya kwasa. Uwar adashi ita ke tarawa, ita ke tsara wanda zai ɗauka. Wanda ya kwasa da fari rance ya ci, wanda ya kwasa daga ƙarshe ajiya ya yi, ba kuwa ruwa a tsakani.

Game da rance tsakanin mutane, wani masani Ba'amurke, Christopher Udry, ya yi bincike a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989. Ya tarar kusan dukan rancen tsakanin dangi ne da maƙwabta, ba rubutu, ba jingina. Abin da ya fi jan hankali shi ne biya yana bin halin da aka shiga. In masifa ta sami mai bashi, kamar ambaliya ko ciwo, a kan sassauta masa ko a jinkirta. In kuwa mai ba da rancen ne ta samu, mai bashi ya kan gaggauta, har ya ƙara. Watau rancen ƙauye rance ne, inshora ce kuma.

Amma waɗannan dabaru suna da iyaka. Fari in ya zo ba ya zaɓen gida, mai ba da rance da mai karɓa duk su kan rasa a shekara ɗaya. Dabba tana mutuwa, ga kuma ɓarayin shanu da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato. Gara da ƙwari suna cin rumbu, wuta tana cin kuɗin da aka tusa a jinka, hauhawar farashi tana cin wanda aka binne. Uwar adashi tana iya cin amana. Sa'an nan abin da dangi za su iya tarawa ba ya sayen injin ban-ruwa ko shanun huɗa. In bukata ta fi ƙarfinsu sai jinginar gona, wanda ya karɓa ya yi ta nomawa har a fansa, sau da yawa kuwa ba a fansa. Wannan shi ne giɓin da ya kamata banki ya cike.

5. Yadda banki ya zo

Banki ya shigo Arewa ne bayan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, kuma cinikin gyaɗa da auduga da fata ya biyo. Abokan hulɗarsa kamfanonin Turawa ne da manyan attajirai. Labari ya shahara cewa a 1929 Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin a Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda yanzu a ke kira First Bank. Manomin da ya noma gyaɗar, shi ɗan kamasho kaɗai ya sani. An yi dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935, akwai kuma ajiyar gidan waya, amma ma'aikata da mutanen gari su suka fi cin moriyarta. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959, aka kuma kafa Bankin Arewa a zamanin Sardauna, da hedkwatarsa a Kano.

Daga nan gwamnatoci suka yi ta ƙoƙari. A 1973 aka buɗe bankin manoma a Kaduna. A 1977 aka fito da shirin kai banki ƙauye, aka wajabta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a garuruwan da aka zaɓa musu, har aka buɗe fiye da 700 cikin matakai uku. Rassan sun tara ajiya, amma rance birni ya riƙa tafiya, har sai da Babban Banki ya sa doka a riƙa ba da wani kaso na ajiyar ƙauye rance a nan ƙauyen. A wannan shekara ta 1977 kuma aka kafa asusun lamunin noma, wanda ke biyan banki kashi 75 cikin ɗari in manomi ya kasa biya. A 1989 aka kafa Bankin Talakawa, bisa koyi da bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangaladash, a 1990 kuma aka soma bankunan al'umma. An haɗe Bankin Talakawa da na manoma a 2000. A 2005 aka taƙaita manyan bankuna daga 89 zuwa 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank, aka kuma fito da tsarin ƙananan bankunan ba da rance. A 2010 Babban Banki ya soke lasisin 224 daga cikin waɗannan ƙanana, kuma duk garin da irin wannan ya faru, amana ta kan daɗe ba ta dawo ba.

Shiri mafi girma na baya-bayan nan shi ne wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamba 2015, inda a ke ba manomi iri da taki da magani, ya biya da amfanin gona. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, amma biya ya yi wuya, saboda ambaliya, da rashin tsaro, da shigar waɗanda ba manoma ba. Akwai kuma dalili na harshe. Sau da yawa a kan kira kyautar gwamnati da bashin gwamnati da suna ɗaya, watau tallafi, alhali kuwa a Hausa ba a biyan tallafi. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya dakatar da ba da sababbin basussuka na irin waɗannan shirye-shirye.

6. Shingayen da ke tsakani

Na farko nisa. Rassan banki sun taru a Legas da Abuja da manyan biranen jihohi, har akwai ƙananan hukumomi a Arewa da babu reshe ko ɗaya. Wanda zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya bar gonarsa yini guda, don ya ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, lalle asara ya yi.

Na biyu takardu. Tun 2014 a ke ɗaukar hoton yatsu a ba mai ajiya lambar BVN, a Disamba 2023 kuma aka wajabta ita ko lambar katin ɗan ƙasa ko ga mafi ƙanƙantar asusu. A nan al'adar suna ta ke karo da kwamfuta. Bahaushe ba shi da sunan zuriya da a ke gado. Da sunan uba, ko na gari, ko na sana'a a ke saninsa. Mutum ɗaya shi ne Muhammadu a wannan takarda, Mamman a waccan, wani magatakarda kuma ya rubuta masa Mohammed. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa kintata a ke yi. Da zarar takardu biyu sun saɓa, sai asusu ya tsaya, gyara kuma sai an je birni.

Na uku jingina. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, banki kuwa takardar shaidar mallaka ya ke so. Gonar gado ba ta da wannan takarda. Shaidarta mai unguwa ne da dagaci da maƙwabtan iyaka. Gonar da kowa a ƙauye zai karɓa jingina, banki ba ya ganinta. An yi doka a 2017 wadda ta yarda a jinginar da dukiya mai motsi, kamar dabbobi da amfanin gona da injuna, amma labarinta bai game ƙauyuka ba.

Na huɗu harshe. Takardun banki da saƙonnin waya galibi da Turanci su ke, ga mutane da yawa da a ke ƙidaya su cikin marasa karatu alhali suna karanta ajami sarai. Takardun naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da ƙimarsu da Hausa cikin ajami. A 2007 aka cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50, aka sa Hausa da Yarabanci da Ibo cikin boko, a 2014 kuma aka cire shi daga sabuwar naira ɗari. Wanda aka ce ya dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa, ba laifinsa ba ne in ya ja da baya.

Na biyar riba mai gajeren wasali. Musulmi da yawa suna ƙin ajiya da rance a banki saboda ita. Bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba a Janairu 2012, da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, waɗansu kuma suka biyo baya, amma su ma a birane suka fi yawa. Ga shi kuwa fiƙihu ya san cinikin salam, watau a biya manomi kuɗin amfani tun kafin girbi bisa awo da lokaci sanannu, wanda ya dace da bukatar bazara ƙwarai.

Waɗannan shingaye sun fi tsawo ga mata. Matar aure a ƙauye tana sana'a cikin gida, ƙuli-ƙuli ko fura ko saƙa, 'ya'yanta suna kai talla. Adashi yana iske ta har ɗaki, banki kuwa sai ta nemi izini da kuɗin mota da katin shaida.

7. Mai POS da wayar hannu

A 2013 Babban Banki ya yarda bankuna su naɗa wakilai. Daga nan mai POS ya bazu, har ya zama da wuya a sami kasuwar ƙauye babba da babu rumfarsa. Abin da rassa 700 suka kasa, shi ya yi, kuma dalilin a fili ya ke: ɗan gari ne, Hausa ya ke ji, an san ubansa, ba a bin layi a cike takarda. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal yana aiko da kuɗi da safe, mahaifiyarsa ta karɓa kafin azahar. A 2022 kamfanonin waya MTN da Airtel suka buɗe nasu bankunan aika kuɗi da ajiya, waɗanda doka ba ta yarda su ba da rance ba.

Amma yawancin aikin mai POS karɓa ne da aikawa, kowane cira kuma da ladansa. Rancen noma bai biyo ta rumfarsa ba. Wanda ba ya karatu ya kan miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa, ya dogara ga amana kaɗai, 'yan damfara kuma sun gane haka. Na'urar ba ta aiki sai da layin waya. Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumba 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, sai ta zama ƙarfe kawai.

Canjin kuɗi ya ƙara tona wannan rauni. A Oktoba 2022 aka ba da sanarwar sake fasalin naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adi zuwa ƙarshen Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai ajiya a gida ya rasa inda zai kai tsofaffin kuɗi, mai ajiya a banki ya rasa yadda zai fitar da sababbi, manoma suka karyar da hatsi da dabbobi ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Sai a 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin. Darasin da ƙauye ya ɗauka mai ɗaci ne, watau abin da ba ya hannunka ba naka ba ne.

8. Misalai biyu daga Nijar

A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta soma wani shiri da matan ƙauyukan Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Adashi aka ɗauka aka gyara. Mata su kan taru mako mako su yi zubi cikin akwati a gaban kowa, mai bukata ta ranta ta biya cikin ɗan lokaci, in zagaye ya cika a fasa a raba. Ba kuɗin waje, ba reshe, kuma tun da yawancinsu ba su rubutu, da ka su ke riƙe lissafi, kowace shaida ce kan 'yar'uwarta. Ƙungiyoyi da yawa su kan ɗora wani abu bisa rancen, wanda a ke sake rabawa tsakanin masu zubi, wannan kuwa wuri ne da malamai ke da magana a kai. Duk da haka tsarin ya bazu daga Maraɗi zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, har ya dawo Arewacin Nijeriya.

Misali na biyu jinginar hatsi ce, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka manoma su kan tara hatsinsu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiyarsu, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba kowa rance gwargwadon wani kaso na ƙimar hatsinsa, ya yi kiwo ko lambu ko fatauci da rani. In ya biya kafin damina sai a buɗe sito, ya ɗauki hatsinsa a lokacin da ya yi daraja. Akwai haɗari a shekarar da farashi bai tashi ba, amma dabarar ta nufi ainihin ciwon, watau sayarwa da araha da saye da tsada. Ba a kuma sha wahalar bayyana ta ba, gama rumbu da jingina duk sanannu ne.

9. Kammalawa

In aka jera waɗannan al'amura, abu ɗaya ya ke fitowa. Shirin da ya zo da mutumin da aka sani, da harshen da a ke ji, da ƙa'idar da ke da suna tun da, shi ya kan kama ƙasa. Wanda ya zo da gini da takardar Turanci da sharaɗin da gonar gado ba ta iya cikawa, ya kan tsaya a bakin gari. Saboda haka ya kamata biyan bashin noma ya bi kaka maimakon wata wata, a karɓi hatsi da dabbobi jingina kamar yadda dokar 2017 ta yarda, a kuma haɗa ƙungiyoyin adashi da asusun da zai tsare kuɗinsu. Ya kamata kuma a sanar da mutane cewa ajiyar banki tana da mai lamuni, watau hukumar inshorar ajiya ta NDIC, wadda tun 2024 ta ke tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 a babban banki na kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki.

Akwai kuma rabon masana Hausa cikin wannan aiki. Ana bukatar a daidaita kalmomin banki, a raba tallafi da rance, a raba lamuni da bashi, a sami hanyar rarrabe riba da riba a rubuce, a kuma fitar da takardun yarjejeniya cikin boko da ajami yadda manomi zai karanta da kansa kafin ya sa hannu. Suratul Baƙara da ta haramta riba, ita ce kuma ta yi umurni a rubuta bashi a kafa shaidu, rubutun kuwa ba ya amfani sai wanda bashin ke kansa ya san abin da aka rubuta. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari, harshen gari kuwa shi ne ɗan gari na farko.